Famfon Goggo a Ƙarƙashin Rabin Duro

Mun tashi daga Zariya ana sallame sallar asuba, mu uku a tsohuwar a-kori-kurar ofishinmu na ruwa: ni, da abokin aikina, da direba. An tura mu Kaduna ne mu ga abin da ake ta ba mu labari. Wai kamfanin da zai faɗaɗa titi ya gina gada wajen Kawo ya kawo kwamfuta da ta san inda kowane bututun ruwa da falwaya da wayar tarho suke, kuma da ita ake tsara yadda za a kawar da su kafin katafila ta shigo. Na ce to, gani ya kori ji. Mu dai yadda muka saba, a fara haƙa, a fasa bututu, sannan a tsaya ana salati.

Hanya ba laifi, sai dai wahalar mai. Duk gidan man da muka wuce layi ne har ya sha kwana, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a gindin motocinsu. A Mararraba muka tsaya karyawa. Ƙosan ya ƙanƙance ƙwarai, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba, amma kokon mai ƙosan da citta da kanumfari ya wanke mata laifi. Katabu ta ba ni mamaki. Inda na sani da gonakin dawa yanzu duk bulo ne da kwano sabo fil.

Kawo kuwa tana nan yadda kuka san ta. 'Yan kamasho na jan hannun mutum zuwa garin da bai yi niyya ba, ma'aikata sun ci guga suna rige-rigen bas, mai shayi na ɗaga kofi sama kamar zai zuba wa na bene. A jikin shaguna duk an shafa jan fenti, alamar iyakar sabon titi.

Ofishin kamfanin kwantena ce mai sanyi kamar randa. Sai da muka tuɓe takalma, saboda kwamfutar ba ta son ƙura. Wata injiniya, mace mai fara'a da haƙuri, ta yaye mata ƙyalle ta kunna. Sai ga Kawo da Badarawa a gilashi: shuɗin layi ruwa, ja wuta, kore tarho. Tsarin da aka ɗora mata, wanda suke kira furogiram, shi ke nuna inda sabon titi zai taka kowane layi, da wanda ya kamata ya fara kwashe kayansa, don kada masu ruwa su haƙe abin da masu tarho suka binne jiya. Wallahi abin ya burge ni. Abokin aikina har da tafi.

Injiniyar ta ce tsohon bututu za a toshe shi mako mai zuwa, sabon zai bi ɗaya gefen titin. Duk famfon da 'yan awo suka gani an sa masa ɗigo shuɗi, kuma za a ja masa reshe ta ƙarƙashin titi kafin a zuba kwalta. Bayan kwalta kuwa ba mai sake fasa titi.

Sai na ce ta nuna mini layin Goggona, ƙanwar mahaifina, da ke bakin hanyar shiga Badarawa. A ƙofar gidanta akwai famfon da mijinta, marigayi Malam, ya ja da guminsa ya bar wa unguwa sadaka. Na sha ruwansa tun ina ɗan makaranta. Injiniya ta matso da layin. Wayam! Ko ɗigo ɗaya babu, daga farkon layin har ƙarshensa. Na dubi injiniya.

"Anya kuwa?" na ce. "Akwai famfo a nan."

"Mu ma abin ya ɗaure mana kai," in ji ta. "Layi guda ba mai shan ruwa? Mu je mu gani."

Muka tarar da Goggo a ƙofar gida kan tabarma. A gefenta an kife rabin duro, an ɗora farantin gyaɗa a kai. Sunan kakana gare ni, don haka ba ta kiran sunana.

"Babana! Saukar yaushe? Shi ne ba aike?"

Muka gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da akuyar da aka sayar bara. Sannan na ce, "Goggo, ina famfon Malam?"

Ta dubi injiniya da hular kwanonta, ta dube ni, ta ce, "Wane famfo?"

Kai, Goggo! Ga ƙasa jiƙe sharkaf a gindin duron, an barbaɗa yashi a kai. Da ƙyar na danne dariya. Na durƙusa kusa da ita na ce baƙuwar nan tamu ce. Sai ta rage murya ta ba ni labari. Ashe jita-jita ce ta zaga unguwa, wai an kawo na'ura mai ƙirga famfuna, duk wanda ta ƙirga yanke shi za a yi. Ranar da 'yan awo suka zo kowa ya rufe nasa. Maƙwabcinta tela ya tara itace a kan nasa, wata ta kifa akurkin kaji.

"Har ruwa na ba su suka sha, yaran kirki," in ji ta. "Na famfon ne ma."

Injiniya ta yi dariya har ta riƙe ciki. Sannan ta zauna a gefen tabarma ta ce, "Mama, wanda aka ƙirga shi za a ba ruwa. Wanda aka ɓoye shi zai ƙafe."

Goggo ta dubi duron. Tausayinta ya kama ni. Ba kuɗi take samu da famfon nan ba. Ta ce, "Malam ba shi da ɗa ko jika. Ruwan nan ne kaɗai ke bin sa. Ashe da hannuna zan yanke masa."

Ba ta jira kowa ba, ta sauke farantin, ni da direba muka ɗaga duron. Ta murɗa, ruwa ya zubo. Sai ta yafa mayafi ta bi layin gida-gida tana kwaɗa sallama: "Ku buɗe, ku buɗe! Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago!" Kafin azahar itace ya koma madafa, kaji sun koma akurkinsu, 'yan awo sun dawo da tef suna ta shan tsiya wajen matan unguwa.

Goggo ba ta bar mu mun tafi ba sai da muka ci tuwon shinkafa da miyar taushe, ta kuma cika wa injiniya leda da gyaɗa. Da muka koma kwantena, a gabana ɗigo-ɗigo shuɗaye suka jeru a layin. Akwai gurbin rubuta bayani a gefen kowanne. Injiniya ta tambaye ni lambar gidan, na faɗa, ta rubuta, sannan ta ƙara da kanta: Famfon Malam.

Bayan la'asar muka kamo hanya, muka shigo Zariya rana na shirin faɗuwa. Abokin aikina bai bar zancen kwamfuta ba har gida, kuma da gaskiyarsa, aikinta ya fi ƙarfin yabo. Amma abin da na ƙaru da shi shi ne, iyakar saninta abin da aka nuna mata, mutane kuwa ba sa nuna abin da suke tsoron a ƙwace. In ta zo ofishinmu, kafin a fita awo sai na fara zama a kan tabarmar tsofaffin unguwa.

Jarka ɗaya na ciko daga famfon nan. Da na isa gida na zuba wa mahaifina a kofi, na ba shi labarin ƙanwarsa da duro. Ya yi dariya har da hawaye, ya shanye, ya ce, "Allah ya kai ladan kabarin Malam."