Na Ara wa Yaya Idona

Yayana ya koyi wasan kurket a makarantar kwana a Zariya, tun ina goye. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Ya yi aikin fassara a wata hukuma a Paris har ya yi ritaya, ni kuma aure ya kai ni Lyon, inda nake da shagon atamfa da turaren wuta a unguwar La Guillotière.

Kurket ɗin da yake so shi ne wanda ƙasashe ke yi da juna cikin fararen kaya, a kwashe kwana biyar ana abu ɗaya. Mutum ya tsaya da katako a gaban sanduna uku da aka kafa a ƙasa, wani ya sheƙo a guje ya jefo masa ƙwallo mai tauri. Kuskure ɗaya ya isa a fitar da mai bugun. Yaya bai cika damuwa da wanda ya ci wasa ba. Mai bugu yake kallo. Kafin shayinsa ya huce zai gaya maka ko wannan hannunsa na ci a kwanakin nan, ko kuwa sa'a ce kawai take ɗauke da shi. In sabon ɗan wasa ne, zai ce wannan zai daɗe, wancan kuma damina ɗaya zai yi. 'Yan Pakistan masu shaguna a unguwarsu, wajen Porte de la Chapelle, har tare shi suke yi a hanya su ji ta bakinsa.

Ciwon suga ne ya taɓa masa ido. Ya fara ganin hazo, daga baya sai haske da inuwa. Matarsa ta riga ta rasu, don haka na koma hawa jirgin ƙasa duk ƙarshen mako in je in yi masa girki, in jera masa magunguna. Ban san aikin da ya tanadar mini ya wuce wannan ba.

A watannin ƙarshe da yake ɗan gani, ya kalli wani sabon mai bugu, bahago, dogo siriri, ya ce da duk wanda ya sani wannan zai yi shekaru ana jin sunansa. Bahagon ya fara da kyau, sannan abu ya juya masa. Wasa bayan wasa ana fitar da shi tun bai yi gumi ba. Yaya ya ce abu biyu ne kawai. Ko dai sanyin hannu ne irin wanda yake samun kowa ya wuce, ko kuma akwai aibi a tsayuwarsa da masu jifa suka gano, wanda in haka ne ta ƙare masa. Bambancin yana ga kansa: in ƙwallo ya taso, kan yana nan daram, ko yana rinjaya gefe? Masu sharhi a talabijin bai yarda da su ba, ya ce sai an fitar da mutum suke gano laifinsa. Sai ya rage muryar akwatin, ya zaunar da ni a gabansa.

"Auta, ki bar ƙwallon. Ki dubi kansa da ƙafarsa ta gaba, ki faɗa mini abin da kika gani."

Na duba iyakar dubawata. Ni da nake bambance atamfar Holan da ta Caina daga ƙofar shago, sai ga shi abin da nake gani mutum ne ya motsa, ƙwallo ya wuce, shi ke nan. Na ce kamar kan ya ɗan karkata. Ya tambaye ni kafin ƙafar ta sauka ne ko bayan ta sauka. Na ce ban lura ba. Aka maimaita hoton a hankali, na sake dubawa, wannan karon sai na ga kamar bai karkata ba sam. Na gaya masa haka. Ya ce ba komai, mu jira na gaba. Haka muka wuni. Tuwon da na ɗora ya kama.

Mako na gaba ya ce laifinsa ne, bai koya mini ba. Ya sa na miƙo masa lema, ya tashi tsakiyar falo ya riƙe ta kamar katakon bugu. Ya ware ƙafafu, ya ɗan rusuna, ya juya fuska wajen taga, ya ce ga yadda ake tsayawa. Gaskiya tsayuwar ta yi kyau, sai na ga kamar ya rage shekaru. Da ya tura ƙafa gaba don ya nuna mini bugun, ƙafar ta ci karo da ɗan teburin shayi. Kofi ya fashe, shi kuma ya tafi zai kifa, na tare shi da ƙirjina. Na zaunar da shi ina share kwalba, yana tambayata ko na dai ga inda kansa yake kafin ya yi tuntuɓe. Na ce na gani. Na gani ɗin, amma ganin nasa bai sa na iya ganin na bahagon ba, don na cikin akwati ƙiftawar ido ne.

Da na rasa yadda zan yi, na sauka na roƙi biyu daga cikin maƙwabtansa 'yan Pakistan su zo su taya mu kallo. Suka zo da fara'a, har da 'yar tsarabar alewarsu. Na farko ya rantse kan bahagon yana faɗuwa gefe, ya ce ko makaho ya san haka, sannan ya tuna inda yake ya kama bakinsa. Na biyu ya ce kai lafiya lau, matsalar a hannu take. Suka koma musu da yarensu. Yaya ya matsa ya kai fuskarsa dab da gilashin talabijin har hancinsa na taɓawa. Ya daɗe a haka. Da ya koma kujera na tambaye shi a hankali ko ya ga wani abu.

"Kore da fari," ya ce.

Bayan wannan ne likitansa ya ce bai kamata ya ci gaba da zama shi kaɗai ba. Maigidana ya ce mu ɗauko shi. Muka kwashe kayansa zuwa Lyon, muka ba shi ɗakin da ke kallon titin da taragun jirgin cikin gari ke bi. Ni ban daina ƙoƙari ba. In babu ciniki a shago nakan buɗe waya in yi ta kallon bahagon nan, in tsayar da hoto, in mayar baya, har masu sayen turare suka fara tsokanata wai Hajiya ta koma 'yar ƙwallo. Na koyi dokokin wasan, na san wanda ya fita da dalilin fitarsa. Abin da Yaya yake nema ne ban taɓa kamawa ba.

An ajiye bahagon daga tawagar ƙasarsu. Bayan wani lokaci aka dawo da shi, ya yi wasa ɗaya mai kyau ƙwarai, na kai wa Yaya labari da gudu. Bai yi murnar da na zata ba. Ya ce wasa ɗaya ba ya nuna komai, mai aibi ma yana samun ranarsa. Wasannin da suka biyo baya kuwa sai a hankali, yau ya yi, gobe ya kasa. Har yanzu haka yake, ba a kore shi ba, bai kuma zauna da gindinsa ba.

Mun je wajen wani likitan ido a nan Lyon, wanda aka ce ya ƙware. Ya duba, ya yi mana bayani da ladabi cewa abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a kula da ɗan hasken da ya rage. A hanyar komawa gida, muna zaune a tarago, Yaya ya riƙe gefen mayafina kamar yadda ya saba in muna waje. Ya ce in daina wahalar da kaina da waya a shago, ciniki ya fi. Na ce ai ina gab da iyawa.

"Ba ki gab, Auta," ya ce, ba tare da faɗa ba. "Ni ma na yi shekaru kafin na fara gani. Da zan ga bahagon nan na minti ɗaya, da na sani."

Muka iso tasharmu, na ce ya ɗaga ƙafa akwai tazara, muka sauka.