Ranar Da Aka Raba Tantabarun Yaya Mamman

Shekara shida ke nan cif da muka kai yayana Mamman makwancinsa a nan Gaya ta Nijar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Kowace shekara idan wannan wata ya kama, addu'a nake yi masa in ja bakina. A wannan karo ba zan ja ba. Ni ba mai dogon karatu ba ne, a aji shida na bar lakwal, wato makarantar boko, saboda haka zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru.

Yaya Mamman ya daɗe yana tuƙa kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Kwatano da Yamai. Da ciwon baya ya zaunar da shi, sai ya koma kiwon tantabaru, irin masu gashi tun daga gwiwa har yatsu, waɗanda muke ce wa masu wando. Mutanen tasha sun yi masa dariya. A wurinsu mai wando ta ado ce, ba ta tsere ba, don da ta taka taɓo gashin ya yi nauyi, ta kasa tashi. Bai yi gardama da kowa ba. Ya yi shekara goma sha huɗu yana zaɓe yana haɗawa, har ya fitar da irin da ke da wando kuma ke dawowa gida kafin na kowa.

Aikinsa yana da tsari, kuma ba ya tsallake mataki. Da farko yashin gulbi a ƙasan ɗakin, ana sauya shi duk Juma'a don kada kashi ya danƙare a gashin ƙafa. Sai almakashi: kafin mace ta yi ƙwai yana rage mata wandon, ita da mijinta, don kada su jawo ƙwan waje su fasa. Bayan nan horo. Ɗan shila ba ya zuwa Yelu sai ya dawo daga Tanda sau uku, ba ya zuwa Dosso sai ya dawo daga Yelu sau uku. Tsofaffin abokan tuƙinsa ke tafiya da su a kwando. Idan sun isa su kira shi su ce, "Mamman, na sake su." Ya dubi agogo, ya jawo kujera, ya kafa wa arewa ido.

Abu na ƙarshe shi ne zobe, kuma a kansa maganata take. Yana yanka rigar wayar lantarki ƙanana, ya zura wa kowace tantabara a ƙafa. Miji da mata launi guda. Tantabara da abokin zama ɗaya take rayuwa, kuma shi ya san wa ya dace da wa. Sai dai a ƙafar mai wando zobe ba ya fitowa. Sai ka kama ta, ka buɗe gashin da yatsa, sannan ka gani.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Malam ya raba gida da gona yadda shari'a ta ce, ba ni da ta cewa a nan. Da aka zo kan tantabaru ya ce 'ya'yan nan biyar su sasanta tsakaninsu, ya tashi. Salisu, babban ɗan marigayi, ya ce kowa ya zaɓi ɗaya, a zagayo, a sake zaɓa. Suka shiga ɗakin kamar masu rabon awaki, kowa na cafkar wadda wandonta ya fi kauri.

Na ce, "Salisu, ku buɗe gashin ku dubi zobe. Kada ku raba miji da mata."

Ya ce, "Haba Baba, tsuntsu ne fa. Ba aure muka zo kashewa ba."

Aka kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce ai Baba ba ya cikin magada. Gaskiya ya faɗa, mai 'ya'ya maza ƙanensa ba ya gadonsa. Na koma na zauna. Wannan zaman da na yi shi ne laifina, kuma ban taɓa yafe wa kaina ba. Da na tsaya a ƙofar ɗakin na hana, iyaka su ce tsoho ya rikice.

Kafin mako biyu Salisu ya rushe ɗakin tantabarun, ya tada mangaza a wurin don ajiye buhunan shinkafa. Babu wanda ya tuna cewa waɗannan tsuntsaye abu guda aka koya musu, wato komawa gida. Duk wadda ta sami ƙofa a gidan sabon mai ita sai ta miƙo. Suka jeru a kan sabuwar katanga, suna leƙen wurin da tukwanensu suke dā. Shaho ya ɗauki nasa, mussa ta ɗauki nata. Waɗanda suka riƙe nasu suka yanke musu fiffike. Wasu aka yanka a suna, aka yi romo, har aka aiko mini da kwano. Na mayar da shi yadda ya zo.

Guda ɗaya na tsinta a gindin katangar da rauni a ƙirji. Shuɗiya ce, mai jan zobe. Ba wanda ya tambaye ni ita. Mijinta kuwa, wanda Yaya ke kira Kamyo saboda girmansa da kuma ba ya kwana a hanya, yana hannun Salisu. Su biyun ne suka rage cikin irin.

Ina tambayar kaina abin da Yaya Mamman zai ce da zai leƙo Gaya yau. Masu wando sun yi daraja, ana kawo su daga Malanbil da Kamba, samari na tallarsu da hoto a waya. Tsawon gashi ake tambaya, da launi. Ban taɓa jin wanda ya tambaya ko ta san hanyar gida ba. Da zai bi ta gaban mangazar ɗansa, zai ga Kamyo, wanda ya sha tasowa daga Dosso ya riga mota isowa, a cikin kejin waya a kan siminti, kashi ya danƙare masa a wando, an gutsure masa fiffike, masu wucewa na ɗaukarsa hoto. Na san ba zai yi faɗa ba. Zai nemi ruwan ɗumi ne ya wanke masa ƙafa. Ni ne mai faɗan, don ban kai shi haƙuri ba.

Na gwada haɗa Shuɗiya da wani namiji na kasuwa. 'Ya'yan suka fito ƙafa tsirara, na aika da su Tanda, ko ɗaya bai dawo ba. Tun daga nan take zaune ita kaɗai, tana yin ƙwan da ba ɗa a ciki, ta kwanta a kai kwana goma sha takwas, ta tashi a banza. Bara sau huɗu ta yi. Wannan shekara sau ɗaya. Ta tsufa, kuma ranar da ta daina, aikin shekara goma sha huɗu ya ƙare.

Sau uku na je wurin Salisu. Na farko ya ce zai duba. Na biyu ya ce yana da baƙi. Na uku na ce masa aro nake so, wata biyu kawai.

Ya ce, "Aron mai fiffike, Baba? Abin da ya rage mini na ubana ke nan."

Na ce, "Na ubanka ka sa a kurkuku?"

Muka rabu ba sallama, aka yi wata bakwai ba mu gaisa ba.

Shekaranjiya da hantsi na yi abin da ban so ba. Tunda ba zai ba ni namijin ba, na ɗauki macen na kai masa, da tukunya, da buhun yashi, da almakashin Yaya. Ban gaishe shi ba. Na ciro Kamyo, na buɗe gashin ƙafarsa a gaban idon Salisu. Jan zobe. Na buɗe na Shuɗiya. Jan zobe. Na saka su tare. Kamyo ya kumbura wuya, ya fara zagaya ta yana kuka, da guntun fiffikensa yana jan ƙasa.

Salisu ya dubi buhun yashin. Can ya ce, "Baba, yashin nan duk kwana nawa ake sauyawa?"

Na ce, "Duk Juma'a. Da ka tambaya shekara shida da suka wuce."

Ban huce ba, kada wani ya ɗauka na huce. Tantabaru sama da arba'in sun tafi saboda mutum biyar sun ƙi sunkuyawa su buɗe gashin ƙafa, na shida kuma ya zauna yana kallo. Gidan Yaya Mamman an raba, ɗakinsa an rushe, abokan tuƙinsa saura kaɗan. Abin da ya rage nasa tsofaffin tsuntsaye biyu ne da tsarin da ya bari, idan akwai mai bi. Ban sani ba ko Shuɗiya na da sauran ƙwai. Idan ta yi, kuma aka ƙyanƙyashe, Tanda za a fara kai su, sau uku, kuma Salisu ne zai ɗauki kwandon.