Na-Sama da Kulocin Sabuwar Tarakta

Mijin yayata direban tarakta ne, kuma duk faɗin gonar da muka yi aiki tare ba mai kiransa da sunan yanka, sai Na-Sama. Ya samo sunan ne don ba ya gaisawa da mutane a ƙasa. Da safe zai zagaya ta bayan rumbun taki, ya ɗare tarakta, ya gyara zaman hula, sannan ya leƙo ya ce, "An tashi lafiya?" kamar mai rabon albarka. Gajere ne. Gajarta kuwa ba laifi ba ce, ba shi ya yi kansa ba, kuma na san gajerun da in suka buɗe baki kowa ke nutsuwa. Abin da ya haɗa ni da shi, ya ɗauki gajartar tasa ya ɗora wa kowa a ka, mu ne masu dakonta.

Ku je gidansa ku gani. Yayata ta ɗan fi shi tsawo, don haka tun da ta aure shi ba ta sake sa takalmi mai tudu ba. Hotunan da ke falonsu duk a zaune aka ɗauka. Mai gyaran takalmin layinsu ya san shi farin sani, domin duk takalmin da ya saya sai an kai an ƙara masa dunduniya. In abu yana saman kabad ba zai ce a miƙo masa ba, sai ya tsaya yana faɗa wai gidan nan ba a san inda ake ajiye kaya ba, har yayata ta jira ya fita ta sauko da shi. Da babbar 'yarsu ta zarce shi, sai ya kafa doka: ba a yi wa uba magana a tsaye. Tarbiyya ce, in ji shi.

Ni ne makaniken gonar. Aikin ya zo da ɗaki biyu a bayan gareji, nan nake da matata da jaririyarmu, kuma ba mu da wani wurin da ya wuce nan. Gaskiya ɗaya zan faɗa a kan Na-Sama, ya iya huɗa. Da tsohuwar ƙaramar taraktar, in ya ja kunya sai ka rantse da igiya aka gwada. Shekara da shekaru ban taɓa kwance masa wani abin kirki ba.

Rigima ta fara ne da mai gona ya sayo sabuwa, ƙatuwa, gab da sussukar masara. A bayan tarakta akwai sandar ƙarfe mai juyawa, ita ake haɗawa da injin sussuka ta juya shi. Kulocin wannan sabuwar hawa biyu ne. Ka taka rabi, tayoyi su saki. Ka taka har ƙasa, sai abin da ke juya sandar bayan ya tsaya cik, sannan ka ja liba ta shiga salin-alin. To, duk sanda Na-Sama ya ja libar nan, sai ka ji ƙarrr, ƙarfe na cin ƙarfe, har leburori su toshe kunne. Wani lokacin ta shiga da ƙyar, wani lokacin ta ƙi.

Ya aiko a kira ni. Na hau, na taka, na ja liba, ta shiga ko tari ba ta yi ba. Ya ce, "Ai yanzu ta huce ne. Bari ta ɗau zafi ka gani."

Na bar ta ta ɗau zafi, na sake gwadawa, lafiya lau. Ina juya baya na ji ƙarrr.

Daga nan na shiga bin ta gaɓa-gaɓa. Na duba mai, na auna wasan feda, na bi sandunan da suka haɗa feda da kuloci ko akwai wanda ya lanƙwashe. Ba ko ɗaya. Da na tsiyaye man sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli a gindin kwano, haƙoran giya ne ke narkewa. Hankalina ya tashi, na ɗaure sandar fedar don kulocin ya riƙa saki da wuri. Ƙarar ta ragu kwana kaɗan, sai kuma ƙauri ya tashi, kulocin ya fara zamewa in aiki ya yi nauyi, faifan ya ƙone ƙurmus. Wanda bai taɓa canza faifan kulocin tarakta ba bai san wahala ba. Sai ka raba ta gida biyu, ka tokare gaba, ka tura baya, kana ƙarƙashi mai na ɗiga maka a ido. Na-Sama yana zaune kan tulin buhuna yana ba ni shawara.

Na haɗa ta, na mayar da komai yadda masu ita suka tsara, na gwada a gaban mai gona ta shiga tsaf. Washegari, ƙarrr.

Mai gona dattijo ne mai saurin hawa, ga masara jibge a fili, ga hadari kullum yana leƙe. Ya tsayar da mu a ƙofar gareji. Kafin in buɗe baki Na-Sama ya riga ni. Ya ce, "Yallaɓai, a yi masa haƙuri. Auta yaron kirki ne, ƙanin iyalina ne, hannun ne dai bai gama nuna ba. Irin waɗannan manyan injuna sai a hankali."

Auta ni ke nan, haka ake kirana a gida. Mai gona ya dube ni ya ce in ta sake lalacewa in tattara sifanuna, in kuma ba shi makullin ɗakinsa.

Yadda na gano abin ma ba wata gwaninta ba ce. Notin matakala ne ya kwance, na tsuguna ina ɗaurewa daidai lokacin da Na-Sama zai ja liba. Dama ba ya yarda in tsaya kusa in yana sama, wai ina raba masa hankali. Na ɗaga kai sai idona ya faɗa kan ƙafarsa. Ya miƙe ta iya miƙewa, ya zamo gaba har mazaunansa sun kusa barin kujera, yana dannawa da kan yatsu, amma tsakanin feda da ƙasa ka iya zura hannunka. Bai taɓa kai ta hawa na biyu ba. Kujerar kuwa tana can ƙarshen baya, alhali ga ramuka nan jere, da ɗan maɓallin da ko yaro zai ja ta matso.

Da na tambayi leburori sai suka ba ni labari, suna dariya ƙasa-ƙasa. Ranar da aka kawo taraktar ina asibiti wajen haihuwar matata. Wanda ya sauke ta daga babbar mota wani zanƙalele ne, shi ya tura kujerar baya. Da Na-Sama ya hau, mutumin ya ce, "Bari in matso maka da ita." Wani a cikin taron ya yi tari, irin na mai danne dariya. Na-Sama ya ce a bar ta, shi haka yake tuƙi. Tarin mutum ɗaya ke nan ya cinye faifan kuloci da haƙoran giya, yana kuma shirin cinye ɗakina.

Don darajar yayata na bi ta lalama. Da sassafe kafin kowa ya fito na jawo kujerar gaba. Ya zo, ya hau, ya yi tsaki, ya mayar da ita baya. Na sassaƙa guntun katako, na shafa masa baƙin fenti, na ɗaure a kan fedar yadda sai mai neman magana zai lura. Kafin rana ta take ya cillo mini shi cikin gareji, ya kusa fasa mini fitila. Na bi shi bayan rumbu, inda ba kowa, na ce, "Babban yaya, taraktar nan lafiyarta ƙalau. Ƙafarka ce ba ta kaiwa ƙasa. Matso da kujera, magana ta ƙare, ba mai ji daga bakina."

Ya dube ni sama da ƙasa, wanda a wajensa yawanci sama ne. Ya ce, "Ina tuƙi kana tsotson yatsa. Ka kasa aikinka, shi ne za ka laƙa wa ƙafata? Rashin kunyar taka har ta kai nan?"

Na yi niyyar zuwa wajen mai gona a ranar. Sai ga yayata da yamma, ta shigo ta ɗauki jaririya tana jijjigawa, ta ƙi zama. Ashe ya je gida ya sauke mata kwandon masifa. Ta ce, "Auta, na san gaskiyarka. Ni nake wanke wandunansa, ni nake rage musu tsawo, me za ka faɗa mini? Amma in maganar nan ta fita gaban mutane, wallahi ba zai sake taka gonar nan ba, ko ba a kore shi ba. Zai dawo gida ya zauna, mu ne za mu sha. Kai kana da sana'a a hannunka, duk inda ka je za ka ci abinci. Shi in ka sauke shi daga kan tarakta, ba shi da inda zai tsaya."

Na ce, "Yaya, ni kuma in sa matata da 'yata a ina?"

Ta sumbaci yarinyar ta miƙa wa uwarta, ta fita tana share ido da bakin mayafi. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta kai ni koyon aikin nan. Na ji haushinta, na ji tausayinta, shi kuwa na tsane shi har cikin raina.

Ana tsakiyar sussuka haƙoran suka ƙarasa zubewa. Aka ji ƙas, sandar baya ta tsaya, injin ya yi shiru da masara cike a bakinsa. Mai gona ya taho yana huci, leburori suka kewaye mu. Ya ce, "Makanike, tambaya ɗaya. Mene ne ke damun taraktar nan?"

Amsar tana bakina, ba ta fi kalma huɗu ba. Na dubi Na-Sama. Ko gezau bai yi ba, yana kaɗe ƙaiƙayi daga hannun rigarsa, fuskar nan a sake, irin ta wanda ya san an riga an biya masa. Na ce, "Ban gano ba, Yallaɓai."

Ya ce, "To, ka ji abin da na ce."

Ranar da za mu tashi, mai gona ya yarda a kwashe mana kaya da tirela, tunda tayoyin taraktar suna tafiya, bayan ne kawai ya mutu. Na-Sama ne ya jawo ta. Yayata ta zo taya matata ɗaure kwanuka, ba ta yarda mun haɗa ido ba ko sau ɗaya. Za mu sauka ne a shagon wani abokina mai faci, cikin tayoyi, kafin Allah Ya kawo mafita. Ina ɗora katifa a tirela, matan suna cikin ɗaki, sai Na-Sama ya waiga hagu da dama, ya sunkuyo, ya rage murya.

Ya ce, "Kai ma dai, Auta, ba ka da dabara. Da ka riƙa matso da kujerar rami ɗaya-ɗaya, yau kaɗan gobe kaɗan, yadda ido ba zai kama ba, ai da ban ce komai ba. Sai ka tashi ka jawo ta gaba ɗaya yadda leburori za su gani, kamar ta ɗan makaranta."

Na tsaya da katifa a kafaɗa ina kallonsa. Ashe tun ranar farko ya sani. Yana sane na kwanta ƙarƙashinta, yana sane ya ce hannuna bai nuna ba, yana sane na ce ban gano ba. Matata ta leƙo ta ce in zo mu kama gado, ita kaɗai ba za ta iya ba. Ya ce mu ɗan hanzarta, sabon makanike zai iso da la'asar, kuma shi ne zai yi masa bayanin matsalar.