Yadda Muka Kai Baba Yankari Ya Ga Giwa

Zuru zuwa Suleja

Asubar fari muka bar Zuru, ni da Baba da ƙanena Bitrus da ke tuƙi. Hawan jinin ido ya riga ya cinye wa Baba idon hagu, likita kuma ya ce na daman ma kwanansa ya kusa. Na tambaye shi me yake so ya gani tun da sauran haske. Ya ce giwa, wadda kakansa ya sha ba shi labarinta. Bitrus ya so mu tafi lokacin Kirsimeti, na ce sam, ciyawa ba ta kwanta ba. Sai rani, da namun daji ke taruwa bakin ruwa.

A shingen Rijau wani soja ya leƙo. "Ina zuwa, Baba?"

"Gaida giwa."

Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Muka ci masa a Kontagora, muka kwana Suleja gidan 'yar ƙanwar Baba.

Yankari

Washegari ta Jos da Bauchi muka bi, muka isa gab da magariba. Da sassafe aka ɗauke mu a buɗaɗɗiyar mota, ɗan rakiya ya roƙe mu kowa ya kama bakinsa. To, mutumin da ya shekara sittin yana korar birai daga gonar dawa! Garken gwaggon biri na ɓullowa, Baba ya miƙe ya hau dukan ƙarfen mota. "Kai! Kai! Ɓarayi!" Daji ya watse. Can ƙasa muka ji ƙarar karyewar itatuwa, ɗan rakiya ya ce giwaye ke nan suka yi gaba.

Wallahi raina ya ɓaci, har ruwan ɗumin Wiki da baƙi ke wanka a ciki ban iya shiga ba. Na ce, "Baba, gonar wa suka ci?" Ya sunkuyar da kai, ya ce hannunsa ne ya riga shi.

Fita ɗaya ta rage mana. Da la'asar na zaunar da shi tsakanina da Bitrus, kowa ya riƙe hannu guda, na cusa masa goro a baki. Birai suka zo, ya nemi fizge hannunsa, na ƙara matsewa. Muna gangarawa kogin Gaji sai ga giwaye, uwa da ɗanta, kusa ƙwarai. Baba ya juya idon dama, ya daɗe yana kallo. A hankali ya zare hannunsa, na ɗauka mota zai sake duka. Ashe hula zai cire.

"Talatu," ya ce cikin raɗa, "Kaka bai yi ƙarya ba."

Na yi kukan murna.

Gida

Mun iso Zuru lafiya, maƙwabta suka cika tsakar gida. Mun gode wa Allah, mun gode wa ɗan rakiyar nan mai haƙuri. Kafin lokacin girbi idon Baba na dama ya rufe. Amma je ka tambaye shi yau, zai miƙe tsaye ya gwada maka faɗin kunnen giwar da hannu biyu.