Ba a Hura wa Delvina Wuta Ba

Daga Mahalicci muka fito, gare shi kuma kowa zai koma. Da hantsin Talata, ashirin ga Janairu, 'yarki Loretta ta bugo mini waya daga birni, ta ce, "Inna Marceline, Mama ta cika." Ban yi kuka a take ba, Yaya Delvina. Abin da ya fara faɗo mini shi ne ƙasa ta daskare da ƙanƙara, sai an hura wuta a kanta kafin a haƙa miki kabari, kuma na san halin mazan garinmu.

Ke 'yar garinmu Mashayar Barewa ce gaba da baya. Uwata da taki ciki ɗaya suka fito, a bayanki na yi wayo. Laifinki ɗaya a duniya, kin auri Gordon Pruett, Baturen nan mai aikin layin dogo. Dokar gwamnati ta wancan zamani ta ce 'yar asalin ƙasa irinmu in ta auri bare ta zama bare, Baturiya kuma in ɗan asali ya aure ta ta zama 'yar asali. A shekarar da kika fita, yayanki Wilbert ya auro Joanne, Baturiya 'yar mai kanti. Ta tare a gidan Inna mahaifiyarku da cikakken haƙƙi, ke kuwa kika koma baƙuwa a ɗakin da aka haife ki.

Gordon bai ɗauki lokaci ba ya nuna ko shi wane ne. Ranar da kika dawo da Loretta a goye, haƙoranki biyu na gaba babu, Inna ta shimfiɗa miki a bakin murhu. Ba ki gama warkewa ba Wilbert ya ce baƙo ba ya zarce kwanakin baƙunta, kada wakilin gwamnati ya ji. Shi da kansa ya ɗauki akwatinki zuwa bakin titi. Har gobe ina jin haushin yadda ya riƙe shi da kulawa, kamar mai yin abin kirki.

A birni kin wanke zannuwan otal har hannuwanki suka tsattsage. Duk da haka ɗakinki ɗaya tal ya zama masaukin 'yan matanmu. Kina zuwa tasha duk ranar da motar garuruwanmu na arewa za ta iso, ki riga mugayen maza tare su. Da ɗaya daga cikinsu, 'yar gidan Cyprien, ta ɓace, 'yan sanda suka ce irinsu yawo suke tafiya, za ta dawo in ta gaji. Ke kika bi bakin kogi da sanda kina kiran sunanta har kika same ta, kika rufe ta da mayafinki. Ga barkwanci kuma. Ba ki taɓa cin gurasata ba sai kin ce, "Marceline, wannan in aka jefi kare da ita ai sai an yi masa jana'iza."

Da aka gyara dokar, kina cikin matan da suka sha zarya kafin a gyara ta. Gwamnati ta mayar miki da matsayinki na 'yar asali, amma tantance 'yan gari ya koma hannun majalisar gari, majalisar kuma maza ce zalla, Wilbert ne shugabanta. Kin miƙe a taro sau ɗaya za ki yi magana, wani ya ce daga baya, "Madam Pruett, kin yi ɓatan hanya ne?" Aka kwashe da dariya. Mu mata muna can bayan zaure muna zuba shayi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne takalma. Ba ma sallamar mamaci sai da sabon takalmin fatar barewa a ƙafarsa, don tafiyar tana da nisa, kuma babu mai ɗinki irin naki. Duk wanda ya rasu a Mashayar Barewa, daga birni takalminsa ke zuwa, har da na waɗanda suka yi miki dariya. Bara waccan Joanne ta rasu, kika ɗinka nata da shuɗayen duwatsun ado. Kika zo jana'iza, sai ga ramin a gefen kabarin Inna, daidai wurin da Inna ta nuna da bakinta ta ce naki ne. Na so in ta da rigima, kika matse mini hannu.

"Bar ta ta kwanta, ai sun saba. Ni ko a ƙafafun Inna ne ya ishe ni. Ki riƙe mini wannan, Marceline."

Na ce na riƙe.

Al'adarmu a lokacin sanyi, da an ji rasuwa maza za su ja itace zuwa maƙabarta, su hura wuta a kan wurin kabarin, su yi ta ciyar da ita har ƙasa ta saki. Ba a roƙonsu, ganin hayaƙin nan shi ne shaidar gari ya karɓi gawarsa. Ranar Laraba na wuni a taga, ban ga hayaƙi ba. Na taka har ofishin Wilbert, na same shi yana kurɓar kofi.

"Yaya, ban ga hayaƙi ba."

"Majalisa za ta zauna a kai, Marceline."

"A kan me? Ƙanwarka ce fa, nono ɗaya kuka sha!"

"Kar ki ɗaga mini murya. In na buɗe wa ɗaya, gobe 'ya'yansu za su zo neman fili da gida. Ai tana da miji, yana da kabari."

Washegari muka fita mu mata, ni da Loretta da wasu tsofaffi da kika ɗinka wa mazansu takalma. Mace ba ta hura wannan wutar, amma muka hura. Muka ja itace a kan buhu, muka tara a ƙafafun Inna. Ta kama da kyau, Yaya, ƙanƙara ta fara narkewa, har muka ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai ga ɗan sandan gari da shebur, yaron da kika taɓa saukar da uwarsa a ɗakinki. Bai iya kallon idonmu ba. Ya ce, "Kaka, ku yi haƙuri, aiko ni aka yi." Ya yi ta ɗibar dusar ƙanƙara yana zubawa har wutar ta mutu. Kafin mu isa gida wurin ya sake daskarewa.

Ranar Asabar aka binne ki a maƙabartar birni, inji ne ya haƙa ramin. Ashe Gordon kafin ya mutu ya tanadi wuri biyu, don haka a gefensa aka kwantar da ke. Wilbert ya zo da hularsa ta shugabanci mai gashin gaggafa, ya yi jawabi mai tsawo a kan cewa mata su ne ƙashin bayan al'umma. Loretta ta yi amai a bayan mota.

Yaya Delvina, Mahalicci ya jiƙanki, ya sassauta miki kwanciya, ya haɗa ki da Inna a inda babu majalisa. Ya saka miki da alheri a kan kowace yarinya da kika tara a tasha. Ina miƙa ta'aziyyata ga Loretta da 'ya'yanta, da matan Mashayar Barewa na gida da waɗanda aka bari a waje. Allah ya ba mu haƙuri, ko da yake ni ban same shi ba tukuna.

Shi kuwa Wilbert ban yi masa ta'aziyya ba, ba kuma zan yi ba. Majalisarsa ta ce ba a yi masa rasuwa ba.