Waƙar Bello na Zugu

Duk wanda ya taɓa noman shinkafa a fadamar Gummi ya san Dodo mai gangar noma. A hannun ubansa ya gaji gangar, kuma shekara talatin ba a yi gayyar kirki babu shi ba. Gajere ne, ga baki kamar rediyo. In ya tsaya a bakin gona zai wasa manomi, sai ya kira sunansa da na ubansa da garinsu, ya zayyano shanunsa da rumbunansa. Haka sana'ar take tun kaka da kakanni, wallahi ba shi ya ƙago ta ba. Matarsa Saude takan ce bakin nan ne ke ciyar da su, kuma shi ke sa ta ciwon kai.

Waƙarsa da ta fi tashe ita ce ta Bello, wani matashin manomi na Zugu. Wani ya ɗauke ta a waya, ta yi ta yawo har Anka. Bello ya ji daɗi, ya riƙa zuwa gaisuwa. A nan ya ga Luba 'yar Dodo, suka daidaita, aka yi aure.

Da Luba ta haihu, Dodo ya rataya ganga ya hau babur da hantsi zai je suna. Bai kai Zugu ba mutum uku suka fito daga daji da bindigogi. Babbansu ya kalli gangar, ya ciro waya ya latsa. Sai ga muryar Dodo tana tashi: Bello mai shanu shida, mai rumbu uku, mai ƙofar ƙarfe. Dodo bai taɓa jin tsoron muryarsa ba sai ranar.

"Kai ka yi wagga waƙa?"

"Ni ne."

"Bellon nan, wane gida ne nashi?"

Dodo ya ce, "Ai ya rasu bara. Magada sun raba shanun."

Mutumin ya daɗe yana kallonsa. "To, za mu tambaya. In ƙarya ka yi, mun san hanyar Gummi."

Suka sake shi. Da Dodo ya isa gidan Bello, ko sallama bai iya yi ba. Bello ya durƙusa ya ce, "Baba, lafiya?"

"Na kashe ka a hanya," in ji Dodo. "Ku tashi yau ɗin nan."

Kafin la'asar Bello da Luba da jaririyar sun bar gari, dawarsa na tsaye a gona ba a girbe ba. Aka roƙi maƙwabta, duk baƙon da ya tambaya su ce ya rasu.

Dodo bai ajiye ganga ba, to da me zai ci? Amma yanzu in ya kalli manomi, sai manomin ya sunkuyar da kai, yana addu'ar kada a kira sunansa. Don haka matattu kaɗai yake wasawa. Kuma don kada ƙaryar ta tonu, a kowace gayya sai ya sa Bello a cikinsu, ya ce Allah ya jiƙansa, manoma su amsa da amin.

Wannan ma an ɗauka a waya, ta kai wa Luba a garin da suke ɓoye. Ta kira shi tana kuka.

"Baba, don Allah ka daina. Ga shi nan zaune kusa da ni."

Gobe akwai gayya, kuma Dodo ya san zai sake faɗa.