Sunan Vjeko a Ƙasan Hoton

Shekara arba'in Vjeko Radolović ya yi yana ɗaukar hoton amare a garin Pula. Da hannunsa ya fara rawa, masu biki suka daina nemansa, sai ya koma zuwa gidan kallon kifaye duk Talata yana ɗaukar meduza, halittun ruwan nan masu kama da lema da haske ke ratsa jikinsu. Su dai ba sa ƙorafin an fito musu da ƙaton hanci. Matarsa Dubravka ke riƙe masa jaka.

Wata Talata ya ɗauki hoto ya fi talatin, duk sun fito dishi-dishi. Ya zube a benci yana huci.

"Kawo in gwada, maigida," in ji Dubravka.

"Ke da ba ki san gaban kyamara da bayanta ba? Ungo."

Ta manna kyamarar a gilashin tankin, ta riƙe numfashi, ta danna sau ɗaya.

Bayan wata biyu gidan kifayen ya nemi hoton da za a buga a allon talla. Vjeko ya aika guda goma da sunansa, har da nata a ciki. Nata aka zaɓa.

Ranar da aka buɗe allon, shugabar gidan ta ce, "Baba Vjeko, gaya wa jama'a yadda ka kama wannan."

Nan fa bakinsa ya buɗe. Ya ce ido ne ke ɗaukar hoto, ba na'ura ba. Ya ce awa uku ya yi a tsaye yana jiran ta juyo.

"Da wannan hannun da ke yi mana wanka da ruwan kofi?" in ji abokinsa Šime daga cikin taro. Aka kwashe da dariya, aka tafa. Da Vjeko ya ɗaga kai, sai ya hango Dubravka can baya, ta rataya jakarsa a kafaɗa, ita ma tana tafi.

A gida ta zuba masa miyar wake. Ya yi ta juya cokali.

"Ba za ki ce komai ba?"

"In ce me? Jawabi ya yi kyau. Ci, kada ta huce."

Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Washegari ya je ofishin shugabar, hula a hannu, ya faɗi gaskiya. Matar ta yi murmushi.

"Allah sarki, Baba! Har yanzu soyayyar ba ta tsufa ba? Kowa ya san aikinka."

Ya rantse, ta ƙara dariya, ta rako shi bakin ƙofa.

Allon na nan a tashar bas, da sunansa a ƙasa. Vjeko ya daina bin hanyar. Ta bayan kasuwa yake zagayawa, ga ciwon gwiwa. Dubravka kuwa takan tsaya ta duba idan ta zo wucewa. Ta ce masu bugawa sun cika masa shuɗi.